Ashe gara ƴar uwar kyankyaso ce: laccar da aka yi mana a Katsina kan ƙwari

(Daga rikodin wayata na kwafo, na bar maganar malam yadda ya yi ta, gaishe-gaishen farko kawai na rage.)

To iyayenmu da ke gaba, malamai, ɗalibai, bari mu fara da gyara kalma. Mu a Hausa duk ɗan abin da ke rarrafe ƙwaro ne, kunama ƙwaro, gizo-gizo ƙwaro, kai har mutum in ya iya abu sai mu ce ai wane ƙwaro ne. Amma wurin masu bincike ƙwaro shi ne mai ƙafa shida da jiki gida uku, kai da ƙirji da ciki. Kunama da gizo-gizo ƙafa takwas gare su, sun fita daga lissafi.

Masu ƙafa shidan nan, waɗanda aka riga aka sa ma suna sun kai kusan iri miliyan ɗaya, fiye da rabin duk halittun da kimiyya ta rubuta kenan. Dangin buzuzu kaɗai, masu taurin baya, kusan 400,000 ne. Kuma ana ƙiyasin waɗanda ba a kai gare su ba sun ninka haka.

Mi ya sa suka yi yawa haka? Da farko dai sun daɗe. A 2014 masana sama da ɗari suka haɗu suka gwada ƙwayoyin gado na ƙwari iri-iri, suka fitar da cewa asalinsu ya kai wajen shekara miliyan 480, kuma tun wajen shekara miliyan 400 suke tashi sama, lokacin ko tsuntsu babu. A wani ramin haƙar kwal a Faransa an samu hoton wani ƙwaro mai kama da mazari manne a jikin dutse, buɗin fukafukansa kusan santimita 70, wato kusan kamar na tantabara. Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne rikiɗa. Ƙwai ya zama tsutsa, tsutsa ta naɗe kanta ta yi shiru, ta fito malam-buɗe-littafi. Ɗiya na cin ganye, uwa na shan ruwan fure, ba su cin kwano ɗaya balle su yi faɗa kan abinci, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙwarin duniya haka suke, ƙuda da sauro da zuma da tururuwa duk.

Na ga Alaramma ya gyara zama. Allah gafarta malam, ban zo musu kan wa ya yi halitta ba, mu da ke da sura sukutum da sunan zuma da wata da sunan tururuwa. Maganata kan yadda halittar ke sauyawa ne, kuma yanzu zan kawo ta ƙofar gida.

Masu soya shinge da damina ku yi haƙuri. A 2007 masu bincike a Landan suka nuna gara reshe ce daga cikin dangin kyankyaso, kawai ita ta koma zaman gandu ne, da sarauniya da zago masu gadi da ma'aikata masu gina suri. (Nan aka yi ta dariya, wata Hajiya ta ce ita dai ba ta bari.)

Sai sauro, nan zan daɗe. A shekarun 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wani babban aiki kan maleriya a Garki, da ke jihar Jigawa yanzu, ba nisa da mu. Wani Bature ɗan Italiya, Mario Coluzzi, ya yi ta duba sauron Najeriya da madubin likita har cikin zaren gadonsu, sai ga shi sauron da muke gani iri ɗaya sak da ido ashe gida-gida ne. Wani ya fi son cikin ɗaki da jinin mutum, wani bai ƙi ya ciji saniya a waje ba. Har a 2013 aka ware wani aka ba shi suna nasa, Anopheles coluzzii, shi ya fi son ruwan da ke daɗewa kamar na gonar shinkafa, ɗan uwansa gambiae kuwa ɗan tabkin da ruwan sama ya bari ya ishe shi. Masu noman rani a Jibiya da Zobe, kun ga ke nan dalilin da ya kamata a san wane sauro ne ke wurinku kafin a ce ga maganinsa.

Kuma kuna ta ƙorafi wai maganin sauro na yanzu ba ya ci. Wani sa'in jabu ne, na yarda. Amma sau da yawa ga abin da ke faruwa, ka fesa magani, dubu sun mutu, ƴan kaɗan da jikinsu ya iya jurewa sun tsira, su ne za su hayayyafa, kuma sauro daga ƙwai zuwa mai cizo kamar kwana goma ne zuwa sati biyu, to lissafa zuriya nawa za a yi a damina ɗaya, kafin ka ankara duk unguwa jikokin masu taurin kai ne. Haka aka yi da sharon, tsutsar da ta cinye tumatir a 2016, asalinta Kudancin Amurka, manoma suka yi ta ƙara magani iri ɗaya tana ƙara sabawa.

Ɗalibai, ga inda aikinku yake. Yawancin ƙwarin da aka yi nazari a kai na Turai ne da Amurka, namu na sahel kaɗan ne a ajiye. Ba kuɗi ake buƙata ba don farawa, ƴar kwalba ce da sifirit, ka kama babe ko gyare ko zanzaro ka jefa, ka rubuta rana da gari da shukar da ka same shi a kai, da fensir don biro na wankewa. Sannan ka tambayi dattijon ƙauyen sunan da suke kiran shi, ka rubuta shi ma, don na sha ganin manomi ya bambance fara iri uku a inda ni da digirina ɗaya nake gani.

An nuna mani agogo, la'asar ta yi. Mai tambaya ya ɗaga hannu bayan salla.