Fodkas: An cire ƙarin, me ya sa ciwon ya dawo?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Hajiya ce ta zo da maganar, kuma tun a mota take ta caccakar Likita da tambayoyi.

Hajiya: To ai dole. Yayana ne aka yi wa tiyatar sankarar fankiriyas shekara huɗu da suka wuce, aka ce an cire ƙarin tas. Har walima muka yi. Watan jiya ya koma ɗaukar hoto, aka ce an ga wani abu a guntun da aka bari. Likita, ina ce abin da aka yanke ya tafi ke nan?

Likita: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Bari mu fara da wurin, don mutane na rikita shi da saifa. Fankiriyas na kwance ne a bayan tumbi, shi ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, da ruwan narkar da abinci. Idan ƙarin yana kansa, sai a yi aikin Whipple, sunan likitan Amurka da ya bayyana shi a 1935. A cire kan, da farkon ƙaramin hanji, da madaciya, da wani sashe na bututun ɗaci. Idan a jela yake, a yanke jelar, sau da yawa har da saifa. Ko ta yaya, akwai sauran da ake bari.

Mai gabatarwa: Sauran nan kuma shi ke tayar da ƙura?

Likita: Ba kasafai ba ma. Wannan sankarar ta fi dawowa a hanta, ko a gurbin da aka yi aikin, ko huhu, kuma yawanci cikin shekara biyun farko. Shi ya sa ake bin tiyata da kemo, wato maganin sankara, na wata shida, don kashe ƙwayoyin da ido ba ya gani. Amma idan a ragowar ta fito bayan shekaru, sau da yawa ba tsohuwar ba ce ta dawo, sabuwa ce ta tsiro. Kamar gonar da aka cire ƙaya ce, ƙasar dai ita ce, abin da ya fitar da ta farko yana nan.

Hajiya: Wato ba sakacin masu aikin ba ne? Don wallahi a gida har an fara zarginsu.

Likita: Ba lallai ba ne. Kin san Ruth Bader Ginsburg, alƙaliyar Kotun Ƙolin Amurka? An yi mata tiyatar fankiriyas a 2009. Sai a 2019 aka sake ganin ƙari a wurin, aka ƙona shi da haske. Ta rasu a 2020 tana da shekara 87. Mace ce da ba ta rasa ƙwararrun likitoci ba.

Mai gabatarwa: Shekara goma a tsakani!

Likita: Shi ya sa ba na son jin mutum ya ce ya warke ya daina zuwa asibiti. Ana yin hoton siti-sikan da gwajin jini na CA 19-9, da farko duk wata uku zuwa shida. Gwajin jinin shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, wasu jikinsu ba ya fitar da sinadarin sam, kuma ciwon shawara ma kan ɗaga shi. A kula da rama, ciwon baya, rawayar ido, ko suga ya rikice ba dalili.

Hajiya: Shi dai sugansa ne ya fara hawa, muka ɗauka shayi ne ya yi masa yawa. Yanzu ana iya sake yanka shi?

Likita: Idan bai bazu ba kuma jikinsa zai ɗauka, ana iya cire ragowar gaba ɗaya, kuma wannan ya fi a ce a hanta aka gani. Sai dai zai rayu kan allurar insulin, da ƙwayoyin narkar da abinci duk lokacin da zai ci. Sugansa kuma zai riƙa faɗuwa farat ɗaya, dole a ajiye dabino ko sukari kusa da gadonsa.

Hajiya: Azumi fa? Mutumin da ko na Litinin da Alhamis ba ya bari.

Likita: Wannan ki raka shi ranar ganin likita, ku yi tambayar tare, don na san shi ba zai yi ta da bakinsa ba.