Sharhi: Ruwan Figar Kaji a Kasuwanninmu

Masu sauraro, duk wanda ya taɓa tsayawa a layin 'yan kaji, ko a kasuwar Sabon Gari ta Kano ko a wata makamanciyarta, ya san yadda aikin yake tafiya. Mai saye zai zaɓi kazarsa, a yanka ta da sunan Allah, sannan a tsoma ta cikin rabin ganga na ruwan zafi domin gashin ya yi saurin fita. Sau da yawa tun da safe ake ɗora ruwan nan, kaji suna shiga ɗaya bayan ɗaya, kafin azahar ya riga ya yi duhu, jini da kashi da gashi suna yawo a samansa.

Kaza mai cikakkiyar lafiya ma tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Campylobacter a hanjinta ba tare da ta nuna wata alama ba. Mai figa ba ya barin ruwan ya tafasa, domin fatar kazar za ta saɓule, kuma da zarar ya fara hucewa sai ya zama hanyar da ƙazantar kaza ɗaya take bi ta kai ga saura. Idan kuma aka zo fiɗa wuƙa ta huda hanji, abin da ke ciki ya zube a kan teburin katako, a kan teburin nan dai za a ɗora kaza ta gaba, a ɗauraye su duka a bokiti guda.

Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka kowace shekara, yana kuma kashe kimanin 137,000. Muna tsananta tambaya a kan yanka, kuma hakan daidai ne, amma da wuya a ji mai saye ya tambayi yaushe aka canza ruwa.

Mai figa ba zai iya jawo famfo ko gina magudana da aljihunsa ba. Wannan nauyi yana wuyan hukumomin da ke karɓar haraji a kasuwa, su ne kuma ya kamata su kawo likitan dabbobi da duba-gari wurin. A gida kuwa, dahuwar da ta ratsa nama har ƙashi tana kashe ƙwayoyin, sai dai uwargida ta kula kada wuƙar da ta yanka ɗanyar kaza ta taɓa latas da tumatir ɗin da za a ci ɗanye kafin a wanke ta da sabulu.