Fodkas: Sautin hi-res a waya, a ina yake maƙalewa kafin ya kai kunne?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Sani da Bashir, za mu tattauna kan sautin da manhajojin waƙa ke tallatawa da sunan hi-res. Malam, mu faro daga tushe. Me ake nufi da shi?

Malam Sani: Da faifan CD ake auna shi, wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1982. CD yana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, wato kilohaz 44.1, kowane samfuri da bit 16, wato ƙwayoyin lambar kwamfuta 16. In an haɗa dama da hagu, kilobit 1,411 ke nan a daƙiƙa. Abin da ya haura haka, kamar bit 24 a kilohaz 96 ko 192, shi ne hi-res. MP3 da AAC kuwa matse sautin suke yi, su zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura da rashinsa ba.

Bashir: Apple Music ya fara ba da sauti marar matsi, wato wanda ba a zubar da komai daga cikinsa ba, a 2021, Tidal da Qobuz kuma suna ba da FLAC, sigar fayil da ita ma ba ta zubar da komai, har bit 24 a kilohaz 192. Amma sai mutum ya duba datarsa. A lissafin Apple da kansa, waƙar minti 3 tana cin megabayit 6 a AAC, 36 a marar matsi, 145 a cikakken hi-res. Gigabayit ɗaya, waƙa bakwai ya ƙare.

Hadiza: To wanda ya daure ya biya, ya sa iyafis ɗinsa na Bluetooth, ya samu abin da ya biya?

Malam Sani: Bai samu ba, Malama Hadiza, kuma nan ne kuɗin mutane ke zurarewa. Bluetooth kamar bakin buta ne, ko durom guda ka tara, abin da bakin ya iya fitarwa shi za ka samu. Akwai tsare-tsare daban-daban na matse sauti a Bluetooth. SBC, wanda kowace waya ke da shi, yana tsayawa wajen kilobit 328 a daƙiƙa. AirPods da AAC suke aiki. aptX HD yana kai 576, LDAC na Sony kuma 990, shi ma bai kai 1,411 na CD ba, balle 9,216 na bit 24 a kilohaz 192. Wayar ce za ta sake matse sautin kafin ta aika.

Bashir: LDAC ɗin ma yana sauka zuwa 660 ko 330 in sigina ta yi rauni, misali waya na aljihun baya a cikin cunkoson kasuwa. Mai Android ya shiga saitin Bluetooth na iyafis ɗin ya kunna shi, don sau da yawa a kashe yake zuwa.

Hadiza: Ke nan sai a koma mai igiya.

Bashir: Ƙwarai, amma da sharaɗi. Akwai DAC, na'urar da ke mayar da lambobi su zama sautin da sifika ke iya kaɗawa. Wayar da ba ta da ramin jak na milimita 3.5 tana buƙatar ɗan kebul na USB-C mai DAC a ciki. Akwai masu araha da babu komai a cikinsu sai zare, ka sa ka ji shiru, ko wayar ta ce ba ta san shi ba. A gwada a shago kafin a biya. Na Apple yana da tsabtar sauti, amma iyakarsa bit 24 a kilohaz 48. Sannan yawancin wayoyin Android suna mayar da komai kilohaz 48 a cikin wayar, sai an bi ta manhaja irin USB Audio Player PRO sauti ke fita yadda yake.

Hadiza: Malam, tambayar da kowa ke jira. Kunne yana jin bambancin kuwa?

Malam Sani: Tsakanin MP3 mai kilobit 128 da CD, yana ji sarai. Saurari kuge ko tafi, za ka ji sun jagule kamar ana watsa ruwa. Tsakanin CD da hi-res kuwa, da wuya. A sirantakar sauti, kunnen yaro mai lafiya yana kaiwa kilohaz 20, yana raguwa da shekaru, CD kuma yana ɗaukar har 22.05. Bit 16 yana ba da tazarar desibel 96, ma'aunin ƙarfin ƙara, tsakanin ƙaramin sauti da babba, ta wadatar a kowane ɗaki. Amfanin bit 24 a situdiyo yake, wajen ɗauka da haɗawa. Ni a ganina wanda ya samu matakin CD ya tsaya nan, ya kai sauran kuɗin ga abin da ke taɓa kunnensa.

Bashir: Shi ne ma ya fi komai tasiri. Dubi robar bakin iyafis kawai. In ba ta toshe kunne ba, bes, wato sauti mai kauri, zai zube, ganga ta koma kamar ana buga faranti. Shi ya sa ake haɗo roba uku a kwali, ƙarama, matsakaiciya da babba. A gwada duka, don kunnen dama da na hagu ba lallai su zo ɗaya ba. Manyan hedifon kuma a duba om ɗinsu, wato ma'aunin turjiyarsu ga lantarki. Iyafis mai om 16 zuwa 32 waya tana tura shi cikin sauƙi, amma Sennheiser HD 600 om 300 ne, in babu amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, za a ƙure ƙara a ji sautin ya yi sanyi.

Hadiza: Masu sifika a falo fa?

Malam Sani: Su ɗaki ne ke musu hukunci. Kai da sifikun biyu ku zama kusurwa uku mai tsawo ɗaya, ƙaramar sifikar da ke sama ta zo daidai kunne in ka zauna. Kada a cusa su a lungu, bes zai kumbura ya danne murya. Tayil da bango tsirara suna dawo da amo, darduma da labule mai kauri suna shanye shi. In kuma ana jin gurnani ko da ba a kunna komai ba, sau da yawa wutar ce, mai haz 50 a nan Najeriya da Nijar, ko inbata mai arha. A haɗa kayan duka a soket ɗaya, a raba kebul ɗin sauti da na wuta.

Hadiza: Akwai kuma masu tura waƙa a kasuwar waya da ke cewa nasu FLAC ne.

Bashir: Wani na gaske ne, wani MP3 aka juya, fayil ya yi nauyi, abin da aka zubar bai dawo ba. A buɗe shi da Spek, manhajar da ke nuna zanen sauti, a kwamfuta. In zanen ya yanke ƙat a wajen kilohaz 16, daga MP3 mai kilobit 128 ya fito.

Malam Sani: Wanda kuma yake so ya gwada kunnensa, ya ɗauki waƙa ɗaya a siga biyu, ya daidaita ƙararsu tukuna, domin wadda ta ɗan fi ƙara kullum ita za ta yi kamar ta fi daɗi. Sai ya ba wani ya riƙa sauya masa ba tare da yana kallo ba, sau goma. In bai canka takwas ko tara ba, ya mayar da saitin manhajarsa matakin ƙasa, datarsa ta huta.