Kumburin muƙamuƙi da asalinsa daga ƙoda: yadda ake ganewa

Assalamu alaikum, abokan aiki, barkanmu da warhaka. Ga hoton OPG, wato hoton X-ray na muƙamuƙi da haƙora gaba ɗaya, nan a kan allo, kun dai san karanta shi. Ku dubi muƙamuƙin sama... a'a, na ƙasa nake nufi, can baya wajen turame. Kun ga ƙashi ya zaizaye, ramin ba shi da iyaka tsayayya? A nan kansar da ta taso daga wani sashe na jiki, kamar ƙoda, ta fi sauka. Ba ta da yawa, wajen kashi 1 cikin 100 ne na kansar baki, shi ya sa hankali ba ya zuwa kanta.

Tambaya ta farko ga majiyyaci: "Baba, leɓenka na ƙasa da haɓa sun mutu, kamar an yi maka allura?" In ya ce e, alhali ba a taɓa haƙorin ba, to ku nutsu. Sai ku tambayi fitsarin jini da ciwon kwiɓi. Da yawa za su ce tsargiya ce tun ta yarinta, kada ku tsaya nan. Ni har riga nake sa a ɗaga in duba tabon aiki, domin wanda aka cire wa ƙoda shekara 10 baya ba lallai ya ambata ba.

Yanzu wurin da ya taɓa ba ni wahala. Kansar ƙoda cike take da jijiyoyin jini. Ina sabon likita na ɗauka tsiron dasashi ne kawai, na sa wuƙa, wallahi jini ya ƙi tsayawa. Don Allah ku fara ɗora yatsa ku ji ko yana bugawa. Ku tsotsa da sirinji. In jini ya cika shi, ku ajiye wuƙa, a yi CT tukuna, a yanki naman gwajin a asibitin da aka tanadi jini.

CT ɗin na ƙirji, ciki da ƙugu ne, da ruwan da ke haska jijiya. Au, kafin nan ku duba kiriyatinin, wato gwajin jinin da ke nuna yadda ƙoda ke aiki.

A takardar ɗakin gwaji ku rubuta ƙarara kuna zargin ƙoda, a yi PAX8 da CD10, wato gwaje-gwajen nama da ke taimakawa wajen gane kansar ƙoda, saboda wasu kansar ƙulluwan yawu ma ƙwayoyinsu garau suke fitowa kamar na kansar ƙoda.

Wanda bai bi tashar nan ba ya danna, mako mai zuwa akwai darasin ɗinki bayan yankar nama.