Lacca: John Gagliardi, kocin da ya hana kayarwa a filin atisaye

Jama'a, barkanmu da warhaka. Zancenmu yau a kan ƙwallon Amurka ne, wanda ake rungumar ƙwallo a ruga, a tare mutum a maka shi da ƙasa, kamar zari-ruga.

An haifi John Gagliardi a 1926 a garin Trinidad na jihar Kolorado. A 1943 aka ɗauki kocin sakandarensu aikin soja, sai shi, ɗan shekara 16, ya karɓi ragamar horar da abokan karatunsa. Ya fara da Kwalejin Carroll ta Montana a 1949, a 1953 ya koma Saint John's a Minnesota, bai motsa ba sai 2012. A irin waɗannan ƙananan kwalejoji a da, koci ɗaya kan riƙe wasa biyu ko uku, da kaka ƙwallo, da hunturu kokawa. Shi hoki na kan ƙanƙara aka haɗa masa na wasu shekaru.

To, ku saurari tsarin atisayensa, don nan gizo ke saƙar. Minti 90 ne, ba ƙari. Ba ya hura usur. Ba a tura ƙarfen nan mai nauyi da 'yan layin gaba ke gwada ƙarfi da shi. Uwa uba, ba a kayar da kowa. Mai tsaron baya zai bi mai ƙwallo, ya tsaya inda ya dace, ya taɓa shi, shi ke nan, a koma a sake. Dabara ɗaya sai a yi ta maimaita ta har kowane cikin mutum 11 ya san inda ƙafarsa za ta sauka.

Me ya sa? Wasannin kaka kusan 10 ne, ranar Asabar ake yi. In gwiwar ɗan wasanka ta goce ranar Talata a hannun abokinsa, kai ka yi wa kanka, abokin karawa bai ko yi gumi ba. Sannan a rukuni na uku na NCAA, hukumar wasannin kwalejojin Amurka, inda Saint John's take, ba a ba da tallafin karatu don wasa. Yaran nan da safe suna aji, in ka gallaza musu sai su ajiye hular kwano su tafi. Shi kuwa ba ya korar kowa, har 'yan wasansa kan haura 150, kuma duk ɗan ajin ƙarshe kyaftin ne.

Tsarin na da haɗarinsa, kada wani ya kwafa ido rufe. Wanda bai iya kayarwa tun sakandare ba, a nan ba zai koya ba, ranar wasa sai a ga yana kai hannu maimakon kafaɗa.

Amma ga sakamako: nasara 489 a kaka 64, babu kocin kwaleji da ya kai haka, da kofin ƙasa a 1963, 1965, 1976 da 2003. A wasan ƙarshe na 2003 ya doke Mount Union 24 da 6, ƙungiyar da ta ci wasa 55 a jere. Ya rasu a 2018 yana da shekara 91.