Bokitin da ya tsage bai gama aiki ba

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau kan mazubi za mu tattauna, domin masu son shuka kayan lambu a gida amma babu fili. Malam Sani, da yawa suna kukan tukwanen shuka sun yi musu tsada.

Malam Sani: Ai ba sai an saya ba, Zainab. Bokitin da ya tsage, jarkar da aka yanke wa kai, bahon wanki da ya fara yoyo, har buhun da aka juye. Yoyon da ya sa aka yar da bahon ma, shi shuka take so.

Zainab: To duk wanda mutum ya tsinta sai ya cika shi da ƙasa?

Malam Sani: A'a, nan nake so a nutsu. Kafin ki ɗauka, ki tambayi me aka taɓa zubawa a ciki. Wanda ya ɗauki maganin ƙwari ko baƙin mai, ki bar shi ko da kyauta aka ba ki. Roba tana shan abin, wanki kuma ba ya fitar da shi duka. Abin da iyalinki za su ci ne fa. Sannan ki kifa robar ki duba gindinta, za ki ga lamba cikin 'yar alama mai kusurwa uku. Masu 2 da 5 ana yin mazubin abinci da su. Mai 3 ki ƙyale ta.

Zainab: Ni abin da na lura, mutane sun fi kuskure wajen girma. Sai ka ga tumatir a gwangwanin madara.

Malam Sani: Ba zai yi ba. Tumatir yana son bokiti mai cin lita 20, zurfin kamar santimita 30, tushe ɗaya a ciki. Latas da alayyafo ko santimita 15 ta ishe su, su ne na baho.

Zainab: Gwangwanin da kiret ɗin ƙwai kuwa a raini iri a ciki kafin dashe.

Malam Sani: Haka ne. Sai huji. A gasa ƙusa a wuta, a huda gindin wuri biyar ko shida, a ɗora mazubin kan duwatsu ruwa ya samu hanya.

Zainab: Tsakuwar da ake zubawa a gindin mazubin fa?

Malam Sani: Wurin saiwa kawai take cinyewa. Kuɗin tukunya da ya yi rara a kai shi ga iri mai kyau da taki. Ƙasa zalla tana daskarewa a mazubi, sai an gauraya ta da yashi da takin da ya ruɓe sosai, don ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi.

Zainab: Mai baƙin bokiti kuma ya naɗe shi da farin buhu, kada rana ta dafa masa saiwar. Mako mai zuwa za mu shiga maganar ban ruwa.