Amsoshin Tambayoyinku: Me ke hana harsashi wuntsilawa a iska?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka daga nan Tawa. Wasiƙu sun taru, lokaci kuwa ƙanƙane, wanda ya ji amsarsa a gajarce ya yi haƙuri. Tare da ni akwai dattijo, tsohon soja da ya daɗe yana horar da kurata. Baba, barka da zuwa.

"Barka kadai, ɗana."

Wani ɗan lakwal daga Madawa yana tambaya da me ake yin harsashi. Galibi dalma ce ko ƙarfe a ciki, a yi masa riga ta jan ƙarfe. Kwanson da ke faɗuwa ƙasa mazubin albarushi ne kawai, ba shi ke tafiya ba.

Sai wadda ta zo daga Konni, Keita, Buza har da Abalak, kusan baki ɗaya: me ya sa harsashi ke tafiya da tsininsa a gaba, ba ya wuntsilawa? Baba, bismilla.

"To, mu a zamaninmu ba a ba ka harsashi ko ɗaya sai ka iya kwance bindiga, ka share ta, ka mayar. In ka ɗaga bututun ka leƙa ta wajen haske, za ka ga wasu tsage a murɗe tun daga gindi har baki. Wanda ya bar datti a nan, ranar ya shiga uku. Yaran yanzu kuwa..."

Baba, mu dawo kan harsashin.

"Ai can na nufa. Harsashi mai tsini, nauyinsa ya fi yawa a gindi, iska kuwa ta wajen kai take tura shi. Da za a sake shi haka nan, iskar nan juya shi za ta yi, gindi ya koma gaba. Tsagen nan su ke murza shi kafin ya fita. Kalashinikof, duk santimita 24 harsashinta ya yi juyi ɗaya, kuma yana fita da gudun mita 700 da ɗoriya a daƙiƙa. Kusan juyi 3,000 ke nan a daƙiƙa guda."

Bari in maimaita don wanda ya kunna rediyo yanzu. Nauyi a baya, iska a gaba, juyi ne ke riƙe shi. Kun san katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa: tana juyi tana tsaye a kan tsininta, juyi na raguwa ta fara tangaɗi. Kuma harsashi in ya ƙara tsawo, sai ya buƙaci juyi mai sauri. Wani malamin lissafi ɗan Ingila, Greenhill, ya fitar da ƙa'idar wannan tun 1879. In juyin bai kai ba, harsashin kan isa allo a kwance, ya bar huda doguwa maimakon zagayayya.

"Faransawa ma sun taɓuka. Wani hafsansu, Minié, a 1849 ya yi harsashi mai rami a gindi, albarushi na tashi gindin ya buɗe ya kama tsagen. A 1898 suka fito da mai tsini wanda gindinsa ya ɗan tsuke, don iska ta wuce bayansa lami lafiya."

Wani maharbi daga Illela ya ce to kibiya fa, wa ke murza ta? Malam maharbi, kai da gado kake tambayarmu? Kibiya ƙarfenta na kai, nauyinta a gaba yake, kara na biye, ba ta buƙatar juyi. Adakarka kuma cikinta sumul ne, shi ya sa in nisa ya yi yawa sai ta yi ta baɗe-baɗe.

Wata uwa daga unguwar nan ta rubuto: harsashin da ake harbawa sama ranar murna, ina yake zuwa? Hajiya, ƙasa yake dawowa. Mafi muni shi ne wanda aka harba a karkace, don juyinsa na nan, tsininsa na gaba, ga sauran gudu. Ko wanda ya tashi sak ya faɗo yana iya fasa kan yaro. Ni dai ban ga murnar da ke cikin wannan ba, kuma masu yi, don Allah ku ji tsoron Allah, akwai mutane kwance a tsakar gida.

"Kwanon rufi ma ba ya tare shi kullum, ɗana. Na ga hudar da idona."

Saura wasiƙar Cintabaradan kan tabarau na hangen nesa, ga shi ana ɗaga mini hannu lokaci ya cika. Da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Baba, mun gode.